An Ce Huɗu, Na Ba Da Tara

Alhamis, 10 ga Yuli, 2025

Jibi jarabawar Ikonomis ta farko. Ta biyun sai Asabar ta sama. Bari in rubuta dokar a nan ko na daina maimaita ta a raina: duk ɗalibin difloma na ƙarshen mako da ya faɗi kwas biyun nan a samista ɗaya, an sallame shi. Ba maimai, ba roƙo. In ɗaya ka faɗi, ka sake shi baɗi, da kunya amma kana ciki. In biyu ne, ka ɗauki jakarka.

Ni ba tsoro nake ji ba. Shekara goma sha tara ina auna agushi da riɗi a kasuwar Lafiya, wa zai koya mini abin da ke ta da farashi? Abin da Dakta Ferdinand yake zana mana a allo, layi biyu sun gicciye juna, ni da idona nake ganinsa duk ranar da manyan motoci suka shiga Doma neman riɗi.



Makin tes ɗina na kwas na farko sha huɗu ne cikin talatin. Arba'in ake ci. Ashirin da shida kenan nake nema a cikin saba'in. Ba yawa.

Duk layinmu na kasuwa Farfesa suke ce mini. Maman Sewuese ce ta fara, mai busasshen kifin da ke gefena, ita ke tsare mini tebur ranar Asabar. Da wasa ta fara, yanzu har masu keke sun ɗauka. Ban hana ba. Ina jin daɗinsa ma.

Asabar, 12 ga Yuli

An yi. 

Tambaya bakwai, a amsa biyar, awa biyu, kowace maki sha huɗu. Ta farko: a kawo abubuwa huɗu da ke sa mutane su ƙara sayen kaya ko su rage, a yi bayani. Na yi dariya a zuci. Wannan ai tuwona ne. Na yi bisimilla na duƙa. Huɗu aka ce, tara na kawo, kowanne da labarinsa. Sau biyu ina ɗaga hannu a ƙaro mini takarda, duk aji suna waiwayowa, ni kuwa kaina ya kumbura, ina cewa a raina ku kalla da kyau, haka ake yi.

Ina tsakiyar tambaya ta biyu mai sa ido ta ce saura minti talatin. Na ɗauka wasa take. Na kalli agogon bango, ashe tun da muka shiga a tsaye yake. Na ƙarasa ta biyun da gudu, na rubuta lamba uku, na yi layi biyar, aka ce a ajiye biro. Na ci gaba. Matar ta zo ta zare takardar daga ƙarƙashin hannuna, har biro ya ja dogon layi a shafin.

Muka taru a gindin mangwaron bakin get, inda masu keke ke jira. Hembadoon ce ta fara hango ni, malamar firamaren nan da ke zuwa daga Doma, ba ta fi ashirin da biyar ba. Ta ce, "Anti Zuwai, kai ka gama duka?" A bakin Hembadoon kowa kai ne, har uwarta. Na mayar mata da tambaya, na ce ke shafi nawa kika yi? Ta ce shida. Na ce a wace tambayar? Ta ce duka biyar ɗin.

Na ce ni tambaya ɗaya na yi wa shida.

Terfa, shugaban ajinmu, har da riƙe ciki. "Hajiya, littafi aka ce ki wallafa?" Na ce ku 'yan ofis ba ku san ciniki ba. Mutum ya sayi mudu huɗu, ai sai ka ɗebo da hannu ka ƙara masa gyara, ya ji daɗi, gobe ya dawo. Terfa ya ce, "To Dakta ba zai dawo gobe ba."

Sai musu ya kaure. Zakiyyu, mai gyaran waya, ya tsaya mini. Ya ce malaman nan ba karantawa suke ba, wa ke da lokacin karanta takarda ɗari biyu? Ɗagawa suke su ji nauyi, in ta yi kauri su ce wannan ya sani. Wai wani yayansa haka ya gama digiri. Shi ma uku da rabi ya amsa, shafi goma. Hembadoon ta ce ita dai ta raba lokacin, minti ashirin kowace tambaya, in ya cika ko tana tsakiyar kalma sai ta bar fili ta wuce. Ta ce, "Tambaya ɗaya ba zai ba ka fiye da sha huɗu ba, ko ka rubuta har gobe." Zakiyyu ya ce amsa gajera ai rashin sani ne. Wata ta ce ita rubutu manya-manya take yi don shafi ya cika. Terfa ya ce Allah ya kyauta, ya tafi.

Na ji daɗin Zakiyyu. Yaro mai hankali.

A keke na lissafa. Sha huɗu a ta farko, wannan ba shakka. Sha biyu a ta biyu. Biyu a ta uku, don tausayi. Ashirin da takwas. Na haye da maki biyu. Maman Sewuese ta ce Farfesa yaya? Na ce takarda ce ta ƙare musu, da har yanzu ina can.

Lahadi, 13 ga Yuli

In ya ba ni goma a ta biyun fa? Ashirin da shida cif. To ai ta isa. Ta isa.

Litinin, 14 ga Yuli

Terfa ya sa saƙon murya a guruf ɗin aji. Da ma ban buɗe ba.

Ashe bara ya faɗi kwas ɗin nan, shi ya sa yake tare da mu. Ya ce da ya je ƙorafi an nuna masa takardarsa. Wai in Dakta ya ce huɗu, huɗun farko yake karantawa, sai ya ja jan layi a ƙasansu, abin da ya biyo baya ko kallo. Ya ce, "Ba don in tsorata kowa ba, don ta Asabar nake faɗa." Kowa a guruf ya san da wa yake.

Na zauna a kan buhu ina tuno yadda na jera su.

Na ɗaya: ruwan sama, in ya tsuge da safe kasuwa ba ta ci. Na biyu: sakin fuskar mai kaya. Na uku: wurin da teburinka yake, bakin hanya ko lungu. Na huɗu: jita-jita. Daga nan ne na fito da na littafi, waɗanda Dakta ya yi ta nanata mana: farashin kayan kansa, abin da mutum ke samu, kayan da za a iya komawa gare su in wannan ya yi tsada, sha'awar mutane, yawan jama'a. Biyar, duka daidai, na tabbata. Duka a ƙasan jan layi.

Kuma da gangan na yi. Abin da ya fi ci mini rai kenan. A tebur, agushin inji ake fara nuna wa mutum. Mai kyan, ɓarin hannu, yana ƙasa a rufe, sai ka ga mutum ya zauna da gaske, ya fara taɓe baki, sannan ka sunkuya ka ce to bari in nuna miki wanda nake ajiye wa nawa. A nan ciniki yake faɗawa. Haka innata ta koya mini, haka nake yi tun ina budurwa, bai taɓa ba ni kunya ba. Na ajiye wa Dakta mai kyan a ƙarƙashin tebur, ina jira ya zauna.

Wata mata ta tsaya a kaina tana tambayar riɗi, sai da Maman Sewuese ta taɓa ni na ji.

Talata, 15 ga Yuli

Na je ofishin Dakta. Na ce ba mutumin da ba a iya zagaye shi da baki.

Na yi gaisuwa. Na tambayi iyali, na tambayi aiki, na yi zancen damina, na yaba labulen tagarsa wanda ko wanki ba ya samu. Yana ta jan biro a takardar wani, bai ɗago ba. Can ya ce da 'yar Hausarsa, "Madam, mene ne tambaya?"

Na ce ba ni ba ce, wata ƙawata ce. A ce ɗalibi ya san abu sosai, har ya ƙara a kan abin da aka nema, don girmama malami.

Ya ce, "Huɗu na tambaya. Huɗu zan karanta."

Na ce to in mai kyan yana ƙasa fa, Dakta?

Sai a lokacin ya ɗago. Ya ce, "Wa ya sa shi a ƙasa?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya nuna mini tulin takardu a kan kujera, a ƙasa, har kan firij. Ya ce in gaya wa ƙawar tawa akwai wata Asabar ɗin. Ya koma kan aikinsa. Ni da nake sa dillalan Doma su manta farashin da suka faɗa da bakinsu, na fito ban ko yi sallama da kyau ba.

Jarabawar farko ta tafi, in dai ba wani ikon Allah ba. Saura ɗaya. In na faɗi ta Asabar, shi ke nan. Ina dawowa layin nan da sunan Farfesa a kaina, ba makaranta.

Ban gaya wa maigidana Abban Mahir ba. Ya ga ban ci abinci ba, na ce ƙwannafi ne.

Laraba, 16 ga Yuli

Ni na kira Hembadoon. Na ce mata an kawo sabon agushi, in ta tashi daga makaranta ta biyo ta gani. Ta zo da la'asar, ko kallon agushin ba ta yi ba, ta ciro tsofaffin tambayoyi daga jaka. Yarinyar nan ba ta da wayo a fuska, amma ta san abin da ya sa na kira ta.

Muka shige bayan buhuna. Ta sa ƙararrawa a wayarta, minti ashirin, ta ce in rubuta amfanin haraji uku. Ina cikin gabatarwa wayar ta yi ƙara. Ta karɓa ta duba. "Anti, ina amsa?" Na ce yana zuwa. Ta ce, "Shi ma motan Doma yana zuwa, amma ni na gaji da jira."

Tsarinta kenan: faɗi sunan abin, layi uku na bayani, misali ɗaya, wuce. Na ce wannan ai amsar marowata ce. Na ce ko gaisuwa ba a yi haka. Ta ce takarda ba surukinka ba ne. Sai ta nuna mini layin masu tumatir da baki. "Ka ga su? Babba a sama. Haka za ka yi."

Masu tumatir! Mutanen da na yi shekaru ina zagi, masu ɗora uku masu kyau a kan ruɓaɓɓu. Na ce Allah ya kiyaye in koyi sana'a a wurinsu. Ta ce ba a ce ka sa ruɓaɓɓe a ƙasa ba, kar ka sa komai a ƙasa.

Sau uku muka yi. Na ukun na kai abu na biyu kafin ƙarar.

Maman Sewuese ta leƙo ta ce me ake ƙullawa? Na ce yarinyar nan ce ba ta gane darasi ba, nake ɗan taimaka mata. Suka yi magana da yarensu na Tibi, ban ji ba. Hembadoon dai ba ta ƙaryata ni ba, a Hausa. Da za ta tafi na cika mata leda da agushi, ta ƙi karɓa, sai da na yi fushi.

Alhamis, 17 ga Yuli

Minti ashirin ba komai ba ne. Na gwada, ko wake bai fara laushi ba.

Juma'a, 18 ga Yuli

Na gwada amsa tambaya huɗu yau, tsakanin masu saye. Biyu na gama a kan lokaci. Da na karanta su sai na ji kamar ba ni na rubuta ba, a bushe, ba gishiri. Duk wanda ya karanta zai ce matar nan iyakar abin da ta sani kenan. Wannan shi ke damuna. A ce na san goma, in faɗi uku, in yi shiru, mutum ya tafi yana ganin uku ce gare ni.

Zakiyyu ya rubuta a guruf cewa kar kowa ya bari Terfa ya ruɗa shi, shi gobe shafi sha biyu zai yi. Na so in danna masa alamar yabo. Na ajiye wayar.

Na ari agogon Abban Mahir. Ya yi mini yawa, na ɗaure da roba. Ya ce tun yaushe kika fara kula da lokaci? Na ce tun da na ga kai ba ka amfani da shi.

In na rikice gobe fa? In na yi gajeru kuma suka zama ba daidai ba? Doguwar amsa ko ba komai tana da wurin ɓuya.

Asabar, 19 ga Yuli

Ƙarfe tara da minti goma aka ce a fara. Na rubuta lokutan a gefen takardar tambaya yadda Hembadoon ta nuna mini: tara da rabi, goma saura goma, har ƙasa.

Tambaya ta biyu sai ga hauhawar farashi. A kawo dalilai uku. Ya Rabbi. Ni da na ga mudun agushi yana canza kuɗi tsakanin azahar da la'asar! Sha biyu suka taso mini a lokaci guda, kowanne da labarinsa, har da ranar da direbobi suka ƙi lodi. Na zaɓi uku mafi ƙarfi, na sa su tun daga layin farko. Na gama da sauran minti huɗu. Hannuna da kansa ya rubuta lamba huɗu a ƙasa. Na kalle ta. Na soke ta. Wallahi kamar na auna wa mutum mudu na shafe kan mudun da tafin hannu yana kallona.

Ta huɗu ban san ta sosai ba, ta kuɗin ƙasashen waje ce. Na yi abin da na iya, agogo ya ce wuce, na wuce.

Biyar. Duka biyar. Shafi bakwai. Ban ɗaga hannu neman takarda ba ko sau ɗaya, ba wanda ya waiwayo. Saura minti tara na gama, na zauna a kan hannuna don kar ya koma ta biyun.

A gindin mangwaro Zakiyyu yana ta nuna yatsansa da ya kumbura. Shafi sha ɗaya ya yi, tambaya uku. Ya ce, "Hajiya, yau ban ga kin karɓi ƙari ba, ko ba ki da lafiya?" Na ce biro ne ya so ya ƙare. Hembadoon ta ɗaga mini yatsu biyar daga nesa, tana tambaya. Na gyaɗa kai kaɗan, yadda ba wanda zai gani.

Ban san ko na ci ba. Da na yi doguwa na fito ina jin na ci, ga inda ta kai ni. Yau na fito ba na jin komai.

Talata, 5 ga Agusta

Shiru. Terfa ya ce sakamako sai Satumba. Duk saƙon da ya shigo guruf sai in yi sauri in buɗe, in ga tallan turare ne.

Asabar, 23 ga Agusta

Asabar ba makaranta, na rasa inda zan sa kaina. Na tsaya a tebur ina tunanin in an sallame ni haka duk Asabar za ta zama. Ba laifin tebur ba ne, shi ya rufa mini asiri. Amma na saba da zama a benci, a kira lambata in amsa.

Na sake lissafa jarabawa ta biyun. In kowace ya ba ni rabi... Na bari.

Laraba, 17 ga Satumba

An liƙa sakamako. Terfa ya kira ni da hantsi, ya ce ba zai faɗa a waya ba, in zo in gani da idona. Na bar tebur a buɗe na tari keke.

Mutane sun cika gaban allon. Na kutsa. Lambata tana can ƙasa, sai da na durƙusa. Na bi layin da yatsa, sau biyu, kar in karanta na wani.

Ta farko talatin da uku. Na faɗi.

Ta biyu hamsin da biyu.

Na daɗe a durƙushe, har wata ta ce Hajiya ki matsa mana. Ina ciki. Baɗi zan sake zama a gaban Dakta Ferdinand da sababbin yara, amma ina ciki.

Zakiyyu yana tsaye a gefe da waya a hannu, ba ya danna komai. Ban tambaye shi ba, na riga na ga layinsa, yana sama da nawa. Duka biyun. Na ce masa sannu, ya ce, "Hajiya, wallahi na san abin nan." Na ce na sani. Na san ya sani. 

A keke na shirya abin da zan faɗa a layi. Ya yi kyau ƙwarai: malami mai tsanani, rabin aji sun zube, agogon bango a tsaye, mata ta fizge takarda, sai can ƙarshe, in sun gaji, in saka zancen ɗayar da zan sake, a matsayin ni na zaɓa don in gyara makina. Har inda zan tsaya a yi dariya na tanada.

Ina sauka Maman Sewuese ta miƙe, mai barkono ta juyo, har na layin baya sun leƙo. "Farfesa! Yaya?"

Na ce, "Na faɗi ɗaya, na ci ɗaya. Ba a kore ni ba."

Suka tsaya suna kallon bakina. Na ajiye jaka, na ɗaura zanen aiki, na kwance bakin buhu.

Maman Sewuese ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Rana ce ta yi zafi yau, kuma bakina a bushe yake tun daga makaranta. Ba wani abu ba.